Waƙar Ƙuruciya da Kunnen Dattijo

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Kano da Gusau ya san wannan rigimar. Direba matashi zai haɗa wayarsa da sifikar mota, ya saki waƙar da ake yayi a makon nan. Kafin a yi nisa wani dattijo daga kujerar baya zai yi gyaran murya ya ce, "Direba, don Allah rage mana hayaniyar nan. Ba ka da Shata ne?" Samarin da ke motar su yi murmushi, direba ya canza don girmamawa, dattijo ya gyara zama yana kaɗa kai. Na sha ganin haka, kuma a da ina ɓangaren samarin. Yanzu da shekaru suka fara turawa, na lura cewa wayata cike take da waƙoƙin da na sani tun ina sakandare, kuma idan ƙanena ya ambaci sunan mawaƙin da duk gari ke magana a kansa, sau da yawa ranar nake fara jin sunan. Wannan ya sa na fara tambayar kaina abin da ke faruwa da kunnen mutum tsakanin shekara 15 da shekara 45.

Masu bincike a ƙasashen Turawa sun daɗe da sa ido a kan wannan al'amari. A 1989 wasu malamai biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, sun tara mutane masu shekaru daban-daban, suka kunna musu waƙoƙin da aka yi yayi daga wajajen 1930 zuwa 1980 da wani abu, suka ce kowa ya faɗi yadda kowace ta yi masa daɗi. Sakamakon ya nuna cewa mutum ya fi son waƙoƙin da suka yi tashe lokacin yana da shekara 23 zuwa 24. Waƙoƙin da suka fito kafin a haife shi ba su kai nan ba, waɗanda suka fito bayan ya manyanta ma haka. A 2018 kuma wani manazarci, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba alƙaluman Spotify, manhajar sauraron waƙa, ya wallafa abin da ya gano a jaridar New York Times. Shi a nasa lissafin shekarun sun fi haka ƙasa: waƙar da namiji ya fi maimaitawa bayan ya girma ita ce wadda ta fito yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka, mace kuwa tana 13. Hanyoyin binciken biyu sun bambanta, shi ya sa lambobin ba su zo ɗaya ba, amma dukkansu wuri guda suke nunawa, wato tazarar da ke tsakanin balaga da tsakiyar shekaru ashirin.

Akwai kuma ɗaya gefen, wato lokacin da mutum ke daina bibiyar sabon abu. A 2015 Ajay Kalia, wanda shi ma da alƙaluman Spotify na Amurka ya yi aiki, ya nuna cewa yara matasa kusan abin da ke kan gaba a yayi kaɗai suke ji, sai a riƙa janyewa sannu a hankali cikin shekaru ashirin, har a kai wajen shekara 33 inda yawancin mutane suka riga suka yi sallama da yayi. Ya kuma lura cewa samun 'ya'ya na ƙara wa janyewar sauri. Kamfanin Deezer, shi ma mai manhajar sauraron waƙa, ya yi wa mutanen Birtaniya tambayoyi a 2018, amsar da ta fito ita ce ana daina neman sabuwar waƙa a wajen shekara 30, kuma dalilan da mutanen suka bayar su ne aiki, da renon yara, da yawan abin zaɓa har mutum ya rasa inda zai fara. Duk waɗannan alƙaluma na Turawa ne, kuma wasunsu na masu amfani da manhaja ne, don haka ba za a ɗauke su a aza wa Bahaushen Maraɗi ko na Kumasi kai tsaye ba. Amma wanda ya zauna cikin mutanenmu ya san cewa siffar abin ɗaya ce.

To me ya sa shekarun balaga suke da wannan ƙarfi? Masana halayyar ɗan Adam sun lura tuntuni cewa idan aka ce wa tsoho ya tuno rayuwarsa, yawancin abin da zai kawo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake fitowa. A nan ne abubuwan farko suka taru: barin gida zuwa makarantar kwana, abokin da aka zaɓa da kai ba wanda aka tashi aka gani a gida ba, soyayyar farko, zuwa zance, kuɗin farko da mutum ya nema da guminsa, mutuwar farko da ya fahimci ma'anarta. Waƙar da ke tashe a lokacin tana shiga cikin waɗannan abubuwa kamar yadda hayaƙin turare ke kama tufafi. Idan magidanci ɗan shekara 50 ya ji wata waƙa ya yi shiru, ba kalangun kaɗai yake ji ba. Yana jin ƙofar gidan da ya taɓa tsayawa bayan Isha, da keken da ya ara, da abokin da ya raka shi wanda yau ƙila yana kwance a maƙabarta. Sabuwar waƙa, komai kyanta, ta zo hannu rabbana, ba ta ɗauke da komai nasa. Wannan gasa ce da ba a yi ta bisa adalci ba.

Sannan matashi yana buƙatar waƙa ta hanyar da babba ba ya buƙatarta. Da ita yake gane su wa ne nasa. Da ita yake faɗin abin da kunya ba za ta bari ya faɗa da bakinsa ba. Wanda bai san waƙar da ake yayi ba a majalisar samari ya zama ɗan ƙauye, don haka sanin sabon abu kamar haraji ne da dole ya biya. Magidanci mai 'ya'ya biyar ya riga ya san ko shi wane ne, ba wanda zai rage masa daraja don bai san mawaƙin bana ba. A wurinmu ma akasin haka ne, kuma zan dawo kan wannan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda daɗin kiɗa yake aiki a ƙwaƙwalwa. A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, wanda ke da alaƙa da jin daɗi, lokacin da mutum ke sauraron kiɗan da ke ratsa shi. Abin lura shi ne ba a daidai wurin da ya fi daɗi kaɗai ake sakinsa ba, har da 'yan daƙiƙoƙi kafin a iso wurin, lokacin da mai sauraro ke jiran zuwansa. Ke nan wani babban kaso na daɗin waƙa yana cikin sanin abin da ke tafe. Bahaushe bai buƙaci na'ura ta gaya masa haka ba. Dubi yadda waƙar gargajiya take: uban waƙa ya ja ɗa ya yi nisa, ya zagaya, ya yi habaici, kowa na jira, sai 'yan amshi su karɓe, jama'a su sauke numfashi. Wanda ya san amshin shi ne ya fi kowa more jiran.

Daga nan ake gane dalilin wata magana da tsofaffi da yara suke jifan juna da ita: "duk iri ɗaya ne." Dattijo ya ce waƙoƙin yanzu duk iri ɗaya ne. Yaro ɗan shekara 16 kuma idan ka jera masa waƙoƙin fada na kotso guda biyar, zai ce maka waƙa ɗaya ce aka maimaita. Dukkansu gaskiyar abin da kunnensu ya ji suka faɗa. Kowane salon kiɗa kamar harshe yake, yana da nahawunsa. Wanda bai iya Barbarci ba, idan Barebari biyu na hira, sauti ɗaya yake ji yana gudana, ba ya rabe tambaya da amsa, balle ya gane inda aka yi gwaninta. Sai kunne ya koyi ƙa'idar salo kafin ya ji inda mawaƙi ya bi ta da inda ya karya ta da gangan. Koyon nan kuwa da maimaici ake yinsa. Tun a 1968 masanin nan Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana sa mutum ya ƙara sonsa, ko da abin ba shi da wata ma'ana a wurinsa da farko.

Maimaici yana son lokaci, lokaci kuwa shi ne dukiyar da matashi ya fi kowa. Waɗanda suka yi samartaka a zamanin kaset za su tuna. Kaset ɗaya kake da shi ko biyu, ka saya ko ka ba mai rikodin ya ɗaukar maka. Ka ji gefe ɗaya, ka juya, ka sake juyawa, har zare ya harɗe ka sa biro ka naɗe shi. Waƙar da ba ta yi maka ba a ji na farko dole ka bi ta kanta kafin ka kai wadda kake so, domin tura kaset gaba cin batir ne. A ji na goma sai ka tarar ita ce ta fi zama maka. Haka rediyo ya yi wa iyayenmu: gidan rediyon Kaduna ya sa abin da ya sa, kowa daga Sakkwato har Yola ya ji, ya sake ji, har ya zauna. Magidancin yau idan ɗansa ya miƙo masa waya ya ce, "Baba, ji wannan," daƙiƙa 20 zai ba ta, hankalinsa na kan kuɗin makaranta da farashin masara. Ya yanke hukunci a ji na farko, alhali waƙoƙin da yake auna ta da su ya ji kowace sau ɗari.

Akan kawo maganar raunin ji, kuma gaskiya ne kunne na rasa ƙarfin kama siraran sautuka yayin da shekaru ke tafiya, hayaniya kuma ta fi damun babba. Amma a ganina wannan ƙaramin dalili ne. Mai shekara 35 kunnensa garau yake, kuma ya riga ya daina neman sabuwar waƙa.

A ƙasar Hausa akwai wani nauyi da alƙaluman Spotify ba za su iya aunawa ba, wato girma da kunya. Bature ɗan shekara 60 zai iya zuwa dandalin rawa ba wanda ya kalle shi. Namu magidanci daga ranar da aka fara kiransa Baba ko Alhaji, akwai abin da ba za a ji yana tashi daga wayarsa a gaban surukai ko 'ya'ya ba. Waƙar soyayya ta zama ta yara. Ko yana sonta, sai dai a mota shi kaɗai. Uwa ma da zarar 'yarta ta tasa, sai ta fara kama kanta daga abin da take rerawa a tsakar gida. Ga kuma addini. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma mutane da yawa idan suka manyanta sukan zaɓi ɓangaren taka-tsantsan, su cika wayarsu da ƙira'a da tafsiri, wasu kuma da bege da ƙasidun yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kuskure ne a ce irin wannan mutum ya daina neman sabo. Yana nema, har ya san sabon alaramma mai daɗin murya kafin 'ya'yansa su sani. Ƙishirwar murya mai daɗi tana nan, rijiyar da yake ɗiba ce ta canza.

Na lura kuma, a gidajen da na sani, iyaye mata sun fi maza sanin abin da ake yayi. Dalilin a fili yake: biki da suna da kamu ba sa yankewa, 'yanmata na gida suna kunna waya suna aiki, fim na tafiya a ɗaki. Waƙa na ci gaba da iso musu ta ƙofar mutane. Namiji kuwa majalisarsa ta koma ta siyasa da kasuwa. Wannan ya ƙara tabbatar min cewa abin da ke yankewa da farko shi ne hanyar da waƙa ke biyowa ta same mu. Kusan babu waƙar da na ƙaunata a ƙuruciya da na nemo da kaina. Wani ne ya kawo min ita, ko abokin ɗaki a makaranta, ko yayana, ko mai shagon da muke zama a ƙofarsa. Da waɗannan mutane suka watse, kowa ya kama gabansa, sai sababbin waƙoƙi suka daina zuwa.

Wani zai ce ai yanzu manhaja ta maye gurbin aboki. YouTube da Audiomack da TikTok suna kawo maka abu ba ka tambaya ba. Haka ne, amma suna kawo irin abin da ka riga ka nuna kana so ne. Ka saurari Ɗanƙwairo sau uku, gobe shafinka ya cika da makaɗan fada. Ga matashin da bai tsaya wuri ɗaya ba, na'urar na yawo da shi. Ga babba kuwa, katanga take ƙara gina masa a inda ya tsaya. Masu tura waƙa a kasuwar waya ma haka suke yi da ido: su dubi furfurarka, su zuba maka na da, ba tare da sun tambaye ka ba.

Sai dai akwai wani abu da ke faruwa da mu wanda bayanin shekarun balaga kaɗai bai isa ya warware shi ba. Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991. Wanda aka haifa a 1990 bai yi samartaka da waƙoƙinsu ba, da waƙoƙin fim da na fiyano ya yi tasa. Amma ga shi yau yana neman su da kansa, yana tura wa abokai. Wani ɓangare na amsar yana cikin binciken da Carol Krumhansl da Justin Zupnick suka yi a Jami'ar Cornell a 2013, inda suka ga ɗalibai 'yan shekara 20 suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin da aka yi yayi lokacin samartakar iyayensu, domin su suka tashi suna ji a gida. Rediyon da uba ke ratayawa a zaure yana shuka abin da ba zai tsiro ba sai bayan shekara 30. Ɗaya ɓangaren kuma wani babban bincike na Jami'ar Cambridge ya taɓo shi a 2013, wanda ya duba mutane fiye da 250,000: matasa sun fi karkata ga kiɗa mai zafi da na yayi, amma yayin da ake girma sai son mai zurfi da mai sauƙin kai ya ƙaru.

A wurinmu zurfin nan yana cikin harshe. Waƙar fada da ta jama'a cike suke da zambo da habaici da kirari, da maganar amana da butulci, da hassadar 'yan uba, da yadda mulki ke juya wa mai shi baya. Yaro zai ji kalmomin ya wuce. Sai wanda aka taɓa cin amanarsa a kasuwa, ko ya ga yadda mutane suka watse daga ƙofar wanda aka sauke daga muƙami, zai ji ɗan waƙa guda ya ce ashe da ni ake. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai ya yi ta waƙe talaka da sana'arsa da zaman aure. Irin wannan sai an ɗanɗana rayuwa ake jin nauyinsa. Don haka babba bai daina ganowa ba. Yana haƙa ƙasa ne a inda matashi ke gudu gaba, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a ƙidaya gudun a matsayin bincike a ƙi ƙidaya haƙar ba.

Saura maganar da ake yawan yi, cewa waƙa ta lalace. A nan dole a yi wa yara adalci. A zamanin Shata akwai makaɗa bila adadin a kowace kasuwa da kowane gidan biki, yawancinsu ba wanda ya ƙara tuna su. Shekaru sun tankaɗe, tsaki ya tafi, garin da ya yi laushi ya rage. Dattijo na gwada garin da aka tankaɗe shekara 50 da hatsin da aka sussuke jiya, ƙaiƙayi da tsakuwa duk suna ciki. Kuma mu tuna cewa waƙoƙin fim na farkon shekarun 2000, waɗanda aka yi da fiyanon Yamaha a situdiyoyin Kano, manya na lokacin sun yi musu ca, suna cewa kwaikwayon Indiya ne da ɓata tarbiyya. Yau waɗanda suka yi samartaka da su sun haura 40, suna kiransu waƙoƙin da masu ma'ana, suna yi wa na yanzu irin faɗan da aka yi musu.

Duk da haka ba zan ce dattijon cikin mota ba shi da hujja ko kaɗan ba. An yi asarar wani abu na gaske. Kalangu magana yake yi, makaɗi da mawaƙi suna amsa wa juna nan take, waƙa na canzawa gwargwadon wanda ya shigo fili. Kiɗan da aka tsara a kwamfuta ba ya jin shigowar kowa. Na'urar gyaran murya ta sa muryoyi sun yi kama da juna. Hausar wasu waƙoƙin ta yi ƙaranci, kalmomi 30 ake juyawa. Wannan suka ce da za a iya kafa ta da misali, kuma ta bambanta da ƙin abu don kawai ba a saba da shi ba. Matsalar ita ce mai sukar yakan cakuɗa biyun, shi kansa bai san wanne ke magana a bakinsa ba. Cikin mawaƙan yanzu akwai masu sarrafa harshe da gaske, masu tsara baiti da ƙafiya da ma'ana, amma wanda ya ba su daƙiƙa 20 ba zai taɓa sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke da shekara 14 a yau, waɗanda yanzu ne ƙwaƙwalwarsu ke ɗaukar abin da za ta riƙe har tsufa. Likitoci masu kula da tsofaffin da cutar mantuwa ta kama sun daɗe da lura cewa waƙar ƙuruciya na cikin abubuwan da ke saura bayan sunaye da fuskoki sun tafi. Na ga haka a gidanmu: wata kakata ta kai ba ta gane jikokinta, amma idan aka ɗauko mata waƙar niƙa ko ta daɓe, sai ta karɓe ta kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Ta samu haka ne domin ta rera su ɗaruruwan lokuta, da bakinta, tare da ƙawayenta, hannu na aiki. 'Yar ƙanwata kuwa waƙa na zuwar mata a guntun bidiyo na daƙiƙa 15, ta yi mako biyu tana tashe, wata ta ture ta. Rannan na tambaye ta waƙar da ta fi so a bara. Ta yi tunani, ta rera min layi biyu na amshi, ta ce iyakar abin da ta sani ke nan, domin ba ta taɓa jin waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba.